Gwangwanin Ja-da-Yalo

Ƙofar Marke, Sakkwato.

Zuwa ga Babana,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa lokacin da kake karanta wannan takarda kun sauka Gusau lafiya, kai da matarka Hadiza da jikata, amaryata 'yar wata tara, wadda ba ta da aiki sai jan gemuna. Allah ya tsare ku daga sharrin hanya da na baƙunta, ya haɗa ka da mutanen kirki a gidan gonar da aka ɗauke ka kiwon kaji. Innarka tana gaishe ku. Ƙanwarka Luba ma ta ce a gaishe ka, amma wai gaisuwar ba ta tabbata ba sai ka aiko mata da fensir mai roba a gindi.

Ka yi haƙuri da rubutuna. Bokon nawa na ajin yaƙi da jahilci ne, da furfurata na koye shi, innarka kan ce sai ka rantse kaza ce ta yi tono a kan takarda. Da baki na so in faɗa maka wannan magana. Sau uku ina kiranka zaure, sau uku ina ɓigewa da zancen tayar keke da tsadar dusa. Sunan mahaifina gare ka, shi ya sa ban taɓa kiran sunanka ba, ashe kuma ba zan iya duban idonka in ce na yi kuskure ba. Don haka na rubuta, na sa a saman kayanka. An ce ba a fafe gora ranar tafiya, to ni kam ga shi na fafe.

Shekaranjiya da Hadiza take shirya akwati a tsakar gida, na hangi shuɗin gwangwanin nan a naɗe cikin rigarka, wanda ya shekara da shekaru a kan katangar ɗakin kajinmu na Dundaye. Ban yi fushi ba, kayan uba na ɗa ne. Na kuma san abin da ya sa ka ɗauka. Ka ji mutane suna cewa kafson da ke ciki shi ne asirin kajina, kana son ka isa wurin sabon ubangidanka da makami a hannu. Abu ɗaya nake roƙonka: kada ka buɗe shi sai ka kai ƙarshen takardar nan.

Ka san mu Rundawa ne, fawa muka gada kaka da kakanni. Kakanka in ya kayar da sa, kafin ka gama alwala ya raba shi gida huɗu. Ni ma a kan haka na tashi, sai shekarun da malaman gona suka fara yawo da jajayen zakarun Turawa, ka ba su naka na gida su ba ka nasu. Na karɓi biyu don sha'awa, na ga yadda 'ya'yansu suke girma, abin ya shiga raina. Na gyara ɗaki a gonarmu ta Dundaye, na shiga kiwo, ina yankawa ina gasawa ina kai wa ma'aikata. 'Yan'uwana kuwa suka sa ni gaba. In na shigo mahauta sai su ce, "Ku ba shi hanya, ga Barunden kaza ya zaka, kada hwarce ya taka ku!" Ina dariya tare da su, amma cikina yana tafasa.

Wannan tafasar ita ce kuskurena na fari. Na ƙudura sai na nuna musu, na dinga ƙara kaji a ɗakin da bai ƙaru ba, har ta kai kaza ba ta iya miƙa fiffike sai ta mari 'yar'uwarta. Ƙasa kullum a jiƙe, wari tun daga bakin gona. Suka fara mura da farin kashi, kowace safiya in na sauka daga keke sai na tsinci biyu ko uku a sanƙare. Maimakon in rage su, sai na tafi neman dabara. A tashar mota na gamu da wani mai tallan magani a faranti, ya nuna mini kafso, rabi ja rabi yalo.

Ya ce, "Wanga magani, Malam, ba ya da na biyu. Ka hwasa guda biyu cikin ruwansu kullum da sahe. Ko lahiya lau suke ka ba su, za ka ga sun yi ƙiba awa agwagi."

Babana, ba zan yi maka ƙarya ba, ya yi aiki. Mutuwa ta tsaya, kaji suka yi ɓul-ɓul, masu yi mini dariya suka koma aiko 'ya'yansu sayen ƙwai. Na sayi wannan gwangwani na cika shi, kullum kafin in ce musu ina kwana na fasa biyu a kaskon ruwa. Sai dai bayan shekara guda, biyun nan ba sa isa, na koma huɗu, daga baya shida. Na ce mai faranti ne ya fara algus, na sake wani mai farantin, abin bai canza ba. Ko sau ɗaya ban tsaya na tambayi kaina me ya sa abin da ya ishe su bara bai ishe su bana ba.

To ka ji, ɗana. In an ba ka ɗaki, ka zuba masa kajin da zai iya ɗauka, kada ka zuba masa na burin zuciyarka. Magani kuma na mara lafiya ne, ba miya ba ne da za a ci da shi kullum. Duk ranar da ka ga kana ƙara yawan abu don ka sami abin da kaɗan ya ba ka jiya, ka tsaya ka tambayi wanda ya fi ka sani.

Kuskure na biyu gadonsa na yi, shi ya sa ban gan shi ba. A gidanmu an koya mana in dabba ta langaɓe, maza wuƙa kafin rai ya fita ta zama mushe. Haka na yi ta yi da kaji. Wadda na ga ta saki fiffike ta rufe ido, sai in yi bisimilla in yanka. Ina kuma taƙama da cewa ban taɓa sayar wa kowa irinta ba, ni mai amana ne. Ina nake kai ta? Gidana. Na tsare cikin baƙo, na kawo wa iyalina. Innarka ta sha yi mini magana in tana gyarawa.

Takan ce, "Malam, kazag ga ba ta yi min ba. Dubi hanjinta, dubi launin hanta."

Ni kuwa in ce, "Na yi bisimilla, jini ya zuba, halal ta. Mi kika so kuma?"

Ban san cewa halal daban, lafiya daban ba. Wuƙa tana halatta nama, amma ba ta kashe abin da ke cikin hanjinsa.

Shekarar da aka sauke tutar Ingila aka ɗaga tamu, kana makarantar kwana, ba ka ga abin da ya faru ba. Gari ya cika da walima, kowane ofis da kowane gidan mai hali yana son kaji, na yi kwana uku ina yanka ina figa hannuna bai huta ba. A cikinsu na ware guda biyu da suka langaɓe, na rataya a keke na kawo gida da la'asar. Luba tana da shekara huɗu. Ka san al'adar gidan mahauta, hanta ta yara ce, ita kuwa ta mayar da ita hakkinta. Tana jin ƙararrawar keke za ta fito da gudu tana cewa, "Baba, ina hantata?" Na farke ɗaya a kan kututture, na ciro hantar da hannun da na taɓa hanji, na soka a tsinke na ɗora a garwashi. Tana tsalle tana kukan in ba ta, ni kuma ba na iya jure kukanta. Bayan hantar ya yi launi, cikinta da sauran ja, na yanka mata da wuƙar nan dai ba tare da na wanke ba, na sa mata a baki da hannuna. Har yau ina jin ɗumin bakinta a yatsuna.

Bayan kwana biyu ta tashi da zazzaɓi da amai, ciki yana murɗa, zawo kamar an buɗe tulu, daga baya har da jini. Nan na yi kuskure na uku, wanda ya fi sauran muni. Na ce ai ina da magani a hannu, abin da ya tsayar da zawon kaza zai tsayar da na mutum. Na hau keke na ɗebo daga gwangwani, ina fasa rabi ina zuba mata a koko safe da yamma. Kwana uku ina yi, yarinya tana ƙara zubewa, idanu suka faɗa, in ka ja fatar cikinta sai ta tsaya ba ta koma ba. Ran na huɗu da hantsi na shigo na tarar innarka ta goya ta, ta yafa mayafi. Matar da tun da aka kawo ta ba ta taɓa taka ƙofar gida ba sai da izinina, ta dube ni ido cikin ido.

Ta ce, "Malam, yau kam asibiti za ni da ɗiyata. In ka so ka biyo mu."

Na ɗauki buta da tabarma na bi bayanta.

A asibiti aka sa mata ƙarin ruwa, likita ya rubuta magani. Kwana biyu ana ba ta, zazzaɓi ya ƙi sauka. Ina zaune gefen gado malamin asibiti ya zo da faranti, wani dattijo mutumin Gidan Dahala, na ga ya ɗauko kafso ja-da-yalo zai fasa a cokali. Don rashin sani har da fara'ata na ce masa ai wannan mun san shi, shi nake zuba wa kajina kullum shekara uku, ita ma na ba ta a gida. Hannunsa ya tsaya cak. Ya tambaye ni abin da ta ci kafin ta kwanta, na faɗa masa. Ya ajiye farantin ya tafi ya kira likita.

Likita ya yi ta Turanci, malamin yana mayar mini. Ya ce akwai wasu ƙwayoyin cuta da ido ba ya gani, suna zaune a hanjin kaza da kashinta, wani lokaci ma kazar tana yawonta lafiya lau. Su ne suke bin wuƙa da hannu da naman da bai dahu ba su shiga cikin mutum. Ya ce maganin da nake zubawa kullum yana kashe masu rauni a cikinsu, masu taurin kai su rage, su hayayyafa, har su zama su kaɗai ne a ɗakin. Da malamin ya ga na yi sororo, sai ya sauko mini da ita daidai kaina.

Ya ce, "Kai Barunde na, ka san angulun mahauta. Kullum ana jihwa tai da ƙanƙanen dutsi. Masu tsoro sun tashi sun bar wurin tun tuni, marasa tsoro sunka zamna sunka yi ɗiya. Yanzu wace angulu ta rage mahauta? To haka kay yi cikin kajinka. Ka kore masu jin magani, ka yi kiwon waɗanda ba su ji, kuma ka kawo ma ɗiyarka."

Likita ya ce shi ba zai rantse ba, don ba su da kayan da za su auna su tabbatar, amma abin da ya gani ya isa: maganin ba ya cin cutar. Ya ce akwai wani daban da suke kullewa a kabad, za su gwada. Na tambaya in shi ma bai yi ba fa? Malamin bai mayar wa likita tambayar ba, ya dafa kafaɗata kawai ya ce in yi addu'a. Na fita na zauna ƙarƙashin dogon yaro, rana tsaka, ana ta kaɗe-kaɗen murna a cikin gari, ni kuwa ina duban tafin hannuna. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan yini ba, ban kuma taɓa ƙin kaina kamar yadda na ƙi shi ba.

Allah Mai jinƙai ne. A kwana na uku da sabon magani jikinta ya yi sanyi, ta yi barci mai nauyi. Da ta farka ta gan ni, muryarta kamar ta ɗan tsako, ka san abin da ta ce? "Baba, ina hantata?" Mahaucin da ya ga jinin shanu tun yana goye, sai ga shi yana kuka a gaban mata da malaman asibiti. Innarka ta ce in fita waje kada in ba ta kunya.

Idan amaryata ta yi zawo, Allah ya kiyaye, kada ku tsaya gwaje-gwaje. Ku yi ta ba ta nono da dafaffen ruwa, ku nufi asibiti tun da ƙarfinta. Kada kafson faranti ya shiga bakinta. In likita ya rubuta magani, a shanye shi har ƙarshe yadda ya ce, ko da ta warke ta fara ɓarna. In kuma Hadiza ta ce maka abu bai yi mata ba, ka saurara. Da na saurari innarka tun a bakin murhu, da ba mu kai ga gadon asibiti ba.

Saura kuskure na huɗu, wanda ya jawo wannan takarda. Da ka zo hutu ka ga Luba ta rame, ka tambaya, na ce zazzaɓin kaka ne. Innarka ta dube ni, ta rufa mini asiri shekara biyar. Ban jefar da gwangwanin ba, na ɗora shi a kan katanga don kullum in na shiga in gan shi in tuna. Mutane suna ganinsa suka ce shi ne asiri, na ƙyale su, don jin daɗin a ce ina da asiri ya fi mini sauƙi a kan in ce na kusa kashe 'yata. Ga shi shirun nan ya kai har ɗana ya naɗe abin a rigarsa zai kai shi gidan da jikata za ta yi rarrafe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, yau na faɗa.

Asirin gaskiya ka sha ganinsa, ba ka ɗauke shi komai ba saboda ba ya cikin gwangwani. Na rage kaji rabi. Na fasa taga biyu iska tana ratsawa. Kullum a share, a zuba busasshen ƙaiƙayi da toka, a wanke kasko a kifa shi a rana. Baƙuwar kaza ba ta shiga cikin sauran sai ta yi kwanaki a akurkinta ita kaɗai. Wadda ta langaɓe a ware ta, a kira malamin dabbobi. In ya ce magani, a ba marasa lafiyar kaɗai, na kwanakin da ya faɗa, kuma ba a yanka su ko a ci ƙwansu sai lokacin da ya ce ya wuce. Wadda ba ta tashi ba a haƙa rami mai zurfi a binne, ba ta zuwa kasuwa, ba ta zuwa tukunyar innarka. Shekarar farko na yi asara, 'yan'uwana suka sami abin dariya sabo. Amma yau alhamdu lillahi, ban yi kuɗin da na yi mafarki ba, sai dai muna ci muna sha, na aurar da kai, Luba tana aji uku tana gyara mini boko. In na zauna da hantsi a bakin ɗakin Dundaye ina jin kukan kajina, iskar fadama tana kaɗawa, ba na ƙyashin mai shanu ɗari.

Na san ubangidanka zai so kaji su yi nauyi da wuri, wataƙila ma wani mai faranti ya riga ka isa wurinsa. Kada ka yi masa gatsali, kai yaro ne kuma baƙo. Ka bari sai ya natsu, ka ba shi labarin angulun mahauta, in ya cancanta ka ba shi labarin Luba, na yafe maka ka faɗi sunana. In ya ji, madalla. In ya ce lalle sai ka zuba, to ka tuna kajin nan cikin 'ya'yan mutane za su shiga, kuma kowace yarinya a Gusau Luba ce a wurin ubanta. Ka yi masa sallama ta mutunci ka dawo. Ɗakin Dundaye yana da wurin mutum biyu, ni kuma gwiwata ta fara ƙin keke.

Ka gaya wa Hadiza, da ladabi don ta fi ka iya girki, nama ya dahu har ƙashi, kada a ga ja ko kaɗan. Wuƙar da ta taɓa ɗanye a wanke ta kafin ta taɓa dafaffe, haka kututture, haka hannu. Amaryata ta kusa fara neman hanta, jinin Rundawa ne. Ka bar ta ta yi kukanta har ta gasu ciki da waje. Kukan minti biyar ba ya kai yaro asibiti.

Jiya da na gama rabin takardar nan na kira Luba na faɗa mata komai, don bai kamata ka sani ita ba ta sani ba. Na zaci za ta yi kuka ko ta guje ni. Ta yi ta wasa da bakin zanenta, can ta ɗago.

Ta ce, "Ashe kai na, Baba? To sai ka biya ni. Hanta goma, amma gasassa ƙwarai."

Na ce na ji, na kuwa fara biya yau da safe.

Yanzu buɗe gwangwanin. Ba ka sani ba na ciro shi daga akwatinka, kafson na juye su na kai wa malamin dabbobi ya san yadda zai yi da su. Abin da ka gani a ciki sabulun salo ne, innarka ta cura, Luba ta danna shi da hannunta har ga shaidar yatsunta a sama. Shi ne asirin da nake da shi, ban da wani. Ka ajiye shi kusa da buta a bakin ƙofarka. Duk ranar da ka dawo daga cikin kaji, amaryata ta rarrafo tana miƙo maka hannu, ka bar ta ta jira, ka wanke naka tukuna.

Allah ya yi maka albarka, ya sa ka fi ni hankali tun kana da baƙin gashi. Allah ya tsare ka da iyalinka, ya tsare mutane daga abin da zai fito ta hannunka sai alheri, ya maido mana da ku lafiya. Amin.

Ni ne mahaifinka,
Barunden kaza na Ƙofar Marke.